Kafin A Ba Kaza Kafso, A Ɗauke Ta A Duba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana a kan kajin da muke kiwo a tsakar gida, waɗanda yawanci mata da yara ke kula da su, har wasu sukan raɗa musu suna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da ta yi mana katutu: da zarar kaza ta yi laushi, sai a aiki yaro kemis ya sayo kafso mai ja da rawaya a zuba mata a ruwa, ba tare da an ɗauke ta an duba abin da ke damunta ba.

Kaji bakwai gare ni. A daminar bara ɗaya daga cikinsu, wata wake-wake, ta daina ƙwai, zankonta ya koɗe, kuma da magariba sai ta ƙi shiga akurki. Saura kaɗan ni ma in aika kemis. Sai da na shiga akurkin da tocila cikin dare na ga wasu ƙananan jajayen ƙwari, kamar garin barkono, suna fitowa daga tsagar itacen da kajin ke kwana a kai. Da rana suna ɓuya, da dare su sha jinin kaza, shi ya sa mai duba jikinta da rana ba zai ga komai ba. Na share akurkin, na ƙone tsohuwar shimfiɗa, na barbaɗa hodar da likitan dabbobi ya ba ni, na maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen ƙwarin da za su ƙyanƙyashe, sannan na tanadi toka gauraye da yashi inda za su riƙa birgima. Kafin wata ya cika ta koma yin ƙwai.

Kaza tana ɓoye ciwonta, don haka sai mai ita ya saba da kallonta tun tana lafiya. Wadda ta yi jinkirin fitowa da safe, ta ware gefe ta saki fukafukai, ita ce ya kamata a ɗauka. A fara taɓa maƙoƙonta, wato jakar abincin da ke ƙasan wuyanta, kafin ta ci komai, domin da asuba ya kamata a same shi wayam. Idan an ji shi da tauri, abinci ne ya cushe, galibi doguwar ciyawa ko zare, kuma sau da yawa ba ta ruwa, da dakatar da hatsi na yini guda, da murza wurin a hankali sukan wadatar. Kada a kifa kanta ƙasa don ta amayar, domin ruwan yana iya shiga hanyar numfashi ya kashe ta. Idan kuwa tana tafiya a miƙe, tana yunƙuri tana shiga wurin ƙwai tana fitowa ba komai, mai yiwuwa ƙwai ne ya maƙale. A zaunar da bayanta cikin ruwa mai ɗumi na kimanin minti 15, a tsane ta, a ajiye ta wuri mai duhu. Idan ta kwana bai fito ba, sai likita. Ƙarancin sinadarin da ke gina ɓawon ƙwai yana daga cikin masu jawo wannan, kuma dusa kaɗai ba ta wadatar da shi, shi ya sa nake daka busasshen ɓawon ƙwai in zuba musu.

Kaushin ƙafa, inda ɓawon ƙafar ke ɗagawa, shi ma aikin ƙwari ne, kuma shafa man basilin a kai a kai yana toshe musu numfashi. Kananzir da baƙin mai kuwa ƙone fata suke yi. Ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuska lokacin sauro sukan bushe da kansu cikin 'yan makonni, in dai ba su shiga baki ko ido ba.

Babu ko ɗaya cikin waɗannan da kafso ke warkarwa. Illarsa kuma tana dawowa kanmu, domin ragowar maganin yana sauka cikin ƙwan da muke soya wa 'ya'yanmu, kuma yawan amfani da shi barkatai yana sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Amma akwai iyaka. Idan kaji da yawa suka kwanta lokaci guda, ana ganin koren zawo, numfashi da ƙyar, wuya na murɗewa, ko suna mutuwa farat ɗaya, wannan ya wuce jinyar gida. Yana iya zama cutar Newcastle da ke share kajin unguwa a lokacin hunturu, ko murar tsuntsaye da aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a Jihar Kaduna a 2006. Nan sai a killace su, a hana yara taɓa mushen, kada a yanka ko a kai kasuwa, a sanar da jami'in lafiyar dabbobi. Newcastle ba ta da magani, amma tana da rigakafi, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa shi, har da nau'in da ke jure zafi wanda ake ɗigawa a ido.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne ka ware wani ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda likitan dabbobi zai riƙa amsa tambayoyin masu kajin gida da Hausa, kuma a sanar da mu inda ake samun wannan rigakafi kafin hunturu ya shigo.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Zariya