Mai Son Aikin Agajin Gaggawa Ya Fara Da Karantar Mutane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon a ba mu ɗan fili a wannan jarida mai farin jini mu yi wa ɗalibai da iyayensu bayani kan wani fanni da ake yi wa kallon hadarin kaji, wato ilimin zamantakewar al'umma, soshiyoloji, musamman reshensa na tunkarar bala'o'i da kula da muhalli. Da yaro ya ce shi zai karanta, sai a ce masa, "To, ka gama ka yi me da shi?" An ɗauka idan ambaliya ko girgizar ƙasa ta auku, magana ta koma hannun injiniya da likita da soja. Suna da nasu aikin, babu musu. Amma wanda zai tsira da wanda zai halaka, sau da yawa yanayin zaman jama'a ne ke rarrabe su tun hadari bai haɗo ba.

Fannin ba na jiya ba ne. A 1917 wani jirgin ruwa maƙare da albarusai ya tarwatse a Halifax ta ƙasar Kanada, mutum kusan 2,000 suka mutu, wani mai bincike, Samuel Prince, ya bi diddigin yadda garin ya farfaɗo, ya fitar da bincikensa a 1920. A 1963 aka buɗe cibiyar binciken bala'o'i a Jami'ar Jihar Ohio da ke Amurka, ta koma Jami'ar Delaware a 1985. Abin da masu bincike suka yi ta tararwa ya saɓa wa zaton mutane. Ba kasafai jama'a ke ruɗewa su tattake juna ba, kuma masu ceto na farko maƙwabta ne. A girgizar ƙasar Kobe ta Japan a 1995, mafi yawan waɗanda aka zaƙulo da rai daga ɓaraguzai 'yan uwa da maƙwabta ne suka tono su.

A watan Yulin shekarar ne kuma zafi ya kashe sama da mutum 700 a birnin Chicago na Amurka. Masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya kwatanta unguwanni biyu masu iyaka da juna, duka na talakawa, zafin da ya same su ɗaya. A ɗayar, mace-macen sun ninka na ɗayar kusan sau goma. A wadda aka fi mutuwa shaguna sun rufe, gidaje sun zama kufai, tsofaffi masu zaman kaɗaici suna tsoron ɓata-gari, suka kulle ƙofa da taga, zafi ya gasa su a ɗaka. A maƙwabciyarta titi cike yake da mutane, tsoho zai fito ya zauna a shago mai sanyi, in ba a gan shi ba a ƙwanƙwasa masa. Ma'aunin zafi ba zai nuna wa kowa wannan ba.

Darasin da ya fi cin lokacin ɗalibi shi ne na gargaɗi. Mutum ba ya jin sanarwa ya zabura. Sai ya ji, ya fahimta, ya gaskata, ya yarda cewa da shi ake, sannan ya tambayi na kusa da shi ko su ma sun ji, kafin ya ɗaga ƙafa. A kowace gaɓa saƙon na iya mutuwa. Shi ya sa ake so sanarwa ta ƙunshi abu biyar: mene ne ke tafe, ina zai shafa, yaushe, me za a yi, kuma wa ya faɗa. "A yi hattara" ba sanarwa ba ce. Ko saƙon ya isa, sai an tambaya: da me za su tafi? Lokacin guguwar Katrina a 2005 an umarci mutanen birnin New Orleans na Amurka su fice, alhali kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na gidajen birnin ba su da mota.

Bangladesh ce ta nuna abin yana gyaruwa. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000, ta 1991 kimanin 140,000, mata sun fi yawa a cikinsu. Da aka bi gida-gida ana tambaya, sai aka ji dalilan ƙin zuwa mafaka: tsoron a sace kaya, ƙin barin dabbobi, rashin wurin da mata za su keɓe, da kuma gargaɗin baya da bai tabbata ba. Aka ƙara mafaka, aka tanadi tudun dabbobi, aka shigar da mata cikin dubban 'yan sa-kai masu yawo da lasifika. Guguwar Sidr ta 2007 mai ƙarfi ce ƙwarai, amma mamatan ba su kai 5,000 ba a ƙidayar hukuma.

A sansanin 'yan gudun hijira akwai alƙaluman da dole ɗalibi ya haddace, na ƙa'idojin Sphere, wato mafi ƙarancin ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suka amince da shi: lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, famfo kada ya wuce nisan mita 500, layi kada ya wuce minti 30, makewayi ɗaya ga mutum 20, murabba'in mita 3.5 na wurin kwana ga kowa. Haddar ba wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne a cika lissafi a takarda, aikin kuma ya rushe. A gina makewayi 50 babu fitila, babu sakata, ba a raba na maza da na mata ba, da dare mata su ƙi zuwa, a koma bayan tanti, kwana kaɗan kwalara ta ɓulla. Ko a yi rajistar masu karɓar kaya da sunan mai gida kaɗai, bazawara da ɗan haya da wanda ruwa ya tafi da takardunsa su tashi a tutar babu. Ko a manta da mutanen garin da suka karɓi baƙin, a raba kaya a kan idonsu, gaba ta tashi. Haka aka gani a annobar Ebola ta Afirka ta Yamma daga 2014, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000: muddin ana ɗauke gawa ba tare da dangi ba, ɓoye marasa lafiya ake yi, sai da aka sauya tsarin jana'iza ya zama dangi da malaman addini suna ciki.

Ta ɓangaren muhalli, babban aikin shi ne auna abin da madatsar ruwa ko hanya ko ma'adinai za su jawo wa mutane kafin a sa diga. Michael Cernea, masanin zamantakewa na farko da Bankin Duniya ya ɗauka aiki a 1974, ya lissafa hanyoyi takwas da tayar da jama'a ke talauta su. Wadda aka fi mantawa ita ce asarar abin da kowa ke mora kuma ba na kowa ba ne: wurin kiwo, daji, bakin kogi. Mai takardar fili zai karɓi diyya, mai kamun kifi kuwa ba shi da abin nunawa. Binciken Elinor Ostrom, wadda ta ci kyautar Nobel a 2009, ya nuna al'umma kan iya riƙe irin wannan dukiya shekaru aru-aru idan ita ta shata dokokinta, tana da masu sa ido, kuma hukunci yana farawa daga sassauci.

Ɗalibin da ya zaɓi wannan hanya kada ya guje wa ƙididdiga, domin da ita ake ɗaukar aiki. Ya koyi zana taswira da manhajar QGIS, da tattara bayanai a waya da manhajar KoboToolbox, duka kyauta ne. Ya koyi zaɓen waɗanda zai tambaya: binciken da aka yi ta waya ya zubar da marasa waya, wanda aka tsaya bakin kwalta ya zubar da na lungu, su ne kuwa abin ya fi shafa. Ya san neman izini kafin tambaya, da ɓoye sunan mai amsa. Ya karanta yarjejeniyar Sendai ta ƙasashen duniya kan rage haɗarin bala'o'i, ta 2015 zuwa 2030, ya nemi horon taimakon farko a Red Cross. Ba za mu ɓoye ba, yawancin ayyukan na kwantiragi ne, na wata shida ko shekara, kuma digiri na farko shi kaɗai ba ya cika kai mutum nesa.

Ga shugabannin sassa a jami'o'i, roƙonmu shi ne a wajabta zangon karatu guda na aikin fili, inda kowane ɗalibi zai zauna da mutanen unguwa ɗaya su zana taswirar inda ruwa ke bi, da gidajen da ke da tsoho ko naƙasasshe, da sunan wanda zai ɗauke shi.

Wassalam.

Daga wasu malaman ilimin zamantakewa da ma'aikatan agaji.