A Rubuta Tarihin Ƙauyen Garki Tun Dattawansa Na da Rai

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin masana tarihi da hukumomi game da ƙauyen Garki, wanda birnin Abuja ya zo ya tarar kuma ya kewaye, har ta kai yau mutane da dama suna ɗaukarsa wata tsohuwar unguwa ce da aka manta ba a rushe ba.

Kafin Janar Murtala Muhammad ya sanar da kafa sabon babban birnin tarayya a ranar 3 ga Fabrairu, 1976, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, Garki gari ne na Gbagyi, manoma masu gonaki da rumbuna, da sarkinsu mai riƙe da sarautar Sa'peyi. Haka Wuse da Maitama da Jabi da Utako, dukkansu ƙauyuka ne da ke da jama'a da kaburburan kakanni. An yanko ƙasa kimanin murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, kuma niyyar farko ita ce a kwashe mazauna baki ɗaya a fitar da su daga yankin. Da aka yi lissafin diyya aka ga kuɗin sun fi ƙarfin aljihun gwamnati, sai a 1978 aka taƙaita ƙaurar ga waɗanda aikin gina birnin zai bi ta kansu.

Mutanen Wuse an mayar da su Sabon Wuse a Jihar Neja. Garki kuwa ta zauna daram. Bayan an dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991, an yanke shawarar a bar ƙauyen a inda yake ya zama wani ɓangare na birnin, daga baya kuma aka sake magana, aka gina gidaje a Apo domin a kwashe mutanensa. Wannan kai-komo ya bar jama'a cikin zullumi shekara da shekaru, domin wanda bai san ko gobe za a tashe shi ba ba zai kashe kuɗi ya gyara gida ba. Gonakin da suke nomawa sun koma tituna da ofisoshi, manomi ya wayi gari ba shi da abin dogaro sai ɗakunan da ya ƙara a tsakar gida yana ba ƙananan ma'aikata haya. Duk wanda ya ratsa lungunan zai ga katangun ƙasa da tsatsattsen kwanon rufi, ga dogayen benaye sun yi musu inuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, waɗanda suka san Garki kafin zuwan katafila sun manyanta, kuma kullum raguwa suke yi. Su kaɗai za su iya nuna inda iyakar gonar kowane gida take, da rafin da ake ɗiban ruwa, da jerin sarakunan da suka gabata. Ina kira ga sashen tarihi na Jami'ar Abuja da ya tura ɗalibai su zauna da waɗannan dattawa, maza da mata, su naɗi bayanansu da harshen Gbagyi, sannan a haɗa da takardun zamanin Turawa da ke ajiye a Kaduna, a buga littafin da makarantun yankin za su koyar da shi.

Na gode.

Wani mai karatu,
Abuja