Takardar Koke Kan Zaman Ɗalibai a Ɗakunan Haya na Hanyar Dutsin-Ma

Zuwa ga Mai Girma Hakimin Batagarawa,
Ta hannun Mai Unguwarmu.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga uba, mun zo da kuka.

Mu ɗalibai ne da ke zaune a gidajen haya na unguwannin da ke bakin hanyar Dutsin-Ma. Wasunmu suna Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wasu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, wasu kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Tun da aka kafa jami'ar a 2006 ɗalibai suke ƙaruwa a wannan yanki, wanda kuwa bai samu gado a cikin makaranta ba dole ya fito unguwa. A ɗaki ɗaya sai ka tarar da ɗan Funtua da ɗan Daura da ɗan Malumfashi, wani lokaci har da wanda ya zo daga Kudu ko Hausa ba ya ji.

Haɗuwar ba ta dame mu ba. Yadda ake haɗa mu shi ne kukanmu. Da zarar an buɗe sabon zango, wasu masu gidaje da dillalansu sukan karɓi kuɗin baƙo su miƙa masa makulli, ba tare da ko sallama ga waɗanda ke cikin ɗakin ba. Ɗaya daga cikin masu wannan takarda ya dawo hutu ya iske katifa ta huɗu a ɗakin da suka kama su uku. Shi baƙon ba shi da laifi, ya biya kuɗinsa, kuma an gaya masa ana jiran zuwansa. Su kuma suna kallonsa a matsayin wanda aka cusa musu. Ba a yi mako biyu ba tukunyar gas ta ƙare, aka ce shi ne. Kuɗin mai ruwa ya tashi, aka ce shi ne ke wanka da jarka guda. Ranar da waya ta ɓata kuwa ba wanda ya tsaya bincike, sai caji ofis. Washegari aka tsinci wayar a bayan akwati, amma yaron ya riga ya kwana a tsare, gwajin da zai rubuta da safe ya wuce shi. Har yau idan ya gamu da su a masallaci sunkuyar da kai yake yi.

Ranka ya daɗe, ba za mu ɓoye namu laifin ba. Akwai tsofaffin ɗalibai a cikinmu da ke mayar da sabon zuwa ɗan aike: shi ne shara, shi ne wanke-wanke, shi ne sayo katin mita. Akwai mai tara abokai hira har tsakar dare alhali ɗan'uwansa na da jarabawa, da mai ɗaukar bokiti ko caja ba tambaya. Mun san zo mu zauna zo mu saɓa ne, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Sai dai a gida akwai babba da zai tsawata, a nan kuwa babu. Iyayenmu suna nesa, mai gidan ba a ganinsa sai lokacin karɓar haya.

Saboda haka muna roƙon ka tara masu gidaje da dillalai ta hannun masu unguwanni, a tsayar musu da cewa ba za a ƙara mutum a ɗaki ba sai an sanar da mazauna ɗakin, an gabatar da shi, kuma yawan mutanen ɗaki ya kasance a rubuce a takardar haya tun ranar biya. A wannan takardar a fayyace yadda za a raba kuɗin wuta da ruwa da kwasar shara, don galibin rigingimunmu daga nan suke tasowa.

Babban roƙonmu shi ne a ba mu dattijo. A kowace unguwa a ware mutum ɗaya mai mutunci, tare da limami, a haɗa da wata uwa saboda gidajen 'yan mata, waɗanda za a fara kai wa ƙara su yi sulhu kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Allah ya ambaci haƙƙin maƙwabci da na abokin zama na gefe a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, muna so a riƙa tunatar da mu wannan a farkon kowane zango, mu da masu gidajen baki ɗaya. Katsina ɗakin kara ce, kuma yawancin baƙin nan a ɗakin haya suke fara sanin halin Katsinawa.

Mun ba Mai Unguwa sunayen gidajenmu da sa hannun mazaunansu, kuma wakilanmu a shirye suke su zo fada duk ranar da ka kira. Muna fatan a zauna kafin sababbin ɗalibai su fara sauke kaya.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya.

Mu ne 'ya'yanka,
Ɗalibai mazauna gidajen haya na hanyar Dutsin-Ma, Katsina.