Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, malamai da iyayen yara.

Ga bayanin abin da muka yi a fannin ilimin taurari da ɗaliban sakandare a cikin garin Bauchi a bana. Tun a zaman farkon shekara muka yi ittifaƙi cewa yaro ya leƙa madubin hangen nesa, ya ce masha Allah, ya tafi gida, bai wadatar ba. Duk wanda ya zo sai ya auna wani abu da hannunsa, ya rubuta a littafinsa tare da rana da lokaci.

A Janairu da Fabrairu mun bi duniyar Mushtari, wadda a lokacin take kusa da Kaza da 'Ya'yanta. Kowane dare da hazon hunturu ya yi sauƙi, ɗalibai kan zana inda manyan watanninta huɗu suke, waɗanda Galileo ya fara gani a 1610. Da aka jera zanen, da kansu suka lura cewa na kusa da ita ya fi sauran sauri. Sai bayan nan muka gaya musu sunansa Io, kuma yana gama zagaye cikin kimanin awa 42.

Aikin da ya fi shiga ransu bai ci mana ko sisi ba. Bauchi tana digiri 10 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa sau biyu a shekara, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai bisa kai. A Afrilu muka kafa sanda a filin makaranta, muka daidaita ta da igiyar magina, yara suna auna inuwarta duk bayan minti 5, ga rana kamar ta dafa mutum. Wajen ƙarfe 12:20 inuwar ta shige gindin sandar. Wata ɗalibar aji biyar da ke riƙe da rula ta ɗago ta ce, "Malam, ashe wannan ne zawalin da ake faɗa mana a Islamiyya!" Ni dai a wurina, wahalar shekarar nan ta biya a wannan rana.

Ranar Lahadi 7 ga Satumba aka yi husufin wata. Watan ya fito ne inuwar duniya ta riga ta kama shi, kuma cikar husufin ta ɗauki minti 82. Gajimaren damina ya ɓoye mana farkonsa, amma daga baya ya yaye, muka gan shi ja kamar garwashi. Bayan sallar husufi, ɗalibanmu ne suka tsaya suna yi wa yaran unguwa masu buga gwangwani bayani da lemo da tocila.

Akwai inda muka gaza. Madubinmu ɗaya ne, ƙafarsa guda ta karye, da waya muka ɗaure ta. Fitar 'yan mata da dare ta sa wasu iyaye ɗari-ɗari, kuma suna da gaskiya. Yanzu muna tashi kafin Isha'i, tare da malama a kowane zama. Shirin neman duwatsun sararin samaniya na IASC, wata haɗakar ƙasa da ƙasa, inda ɗalibai ke duba hotunan madubin Pan-STARRS na Hawai da manhajar Astrometrica, bai yiwu ba saboda rashin kwamfuta da wuta. Shi muka sa a gaba a baɗi.

Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi husufin rana, kuma za mu ga wani ɓangarensa a nan. Muna so mu tanadi tabarau na musamman tun yanzu, domin gilashin da aka turara da hayaƙi ba ya kare ido. Masu bashin kuɗin wata-wata, don Allah a ga ma'aji kafin zama na gaba. Wanda kuma yake da tsohuwar kwamfuta mai aiki, ya taho mana da ita.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya