Godiya ga gidan hoton da ya maido muna da abokan karatunmu

Assalamu alaikum jama'a. Ni tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da alli, yanzu ina gida nan Tahoua ina cin ɗan fanshona. Na rubuto wannan takarda ne don in gode ma wani gidan hoto da ke nan kusa da babbar kasuwa, mai gidan da yaran aikinshi, musamman ƙaramin nan da ke zama gaban kwamfuta. Na yi musu godiya baki da baki ya fi sau goma, amma wallahi raina bai kwanta ba, abin da sunka yi muna ya kamata jama'a su ji shi.

Mu ƴan aji guda ne a jami'ar Yamai, sashen koyon malanta, mun shiga 1979 zamanin Seyni Kountché. Lokacin jami'ar kanta yarinya ce, tunda 1971 anka aza harsashinta, 1973 ta zama cikakkar jami'a, sunan Abdou Moumouni ma sai 1992 anka sa mata, mu dai jami'ar Yamai munka sani. Tana can Harobanda ƙetaren kogi, kuma gada guda ce a garin gaba ɗai, gadar Kennedy, in burs, wato kuɗin tallafin ɗalibai, ta fito mu tako ta da ƙafa mu shiga gari mu sayi sabulu da siga mu komo. Cikin 1982 wani mai hoto ya jera mu gaban aji ya ɗauke mu, mu 34, mata shidda a ciki. Daga nan kowa ya kama gabanshi, anka watsa mu, wani Gaya, wani Arlit, wani Tera, wani har Ngigmi. Ba salula a lokacin, sai wasiƙa ta gidan waya ko ka ba direba saƙo, wani lokaci kuma rasuwar abokinka a sanarwar Muryar Sahel za ka ji ta. Ga yunwar 1984 ta zo, ga shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba, ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, kowa ta tukunyar gidanshi yake. Haka zumunci ya tsinke ba tare da an yi faɗa da kowa ba.

To bara bayan damina uwargida tana gyaran ɗaki ta jawo wani tsohon akwatin ƙarfe, sai ga hoton nan a ƙasan takardu. Gara ta ci gefe guda, ruwa ya shiga ya yi mishi taswira ja-ja, tsakiya kuma ya karye inda anka lanƙwasa shi. Na riƙe shi na daɗe ina kallo, rabin mutanen ban iya gane su saboda dushewa. Jikata ce ta ce Baba kai shi gidan hoto mana, ana gyarawa yanzu.

Gaskiya ban tahi da wani dogon buri ba, don mu tsofaffi mun saba, ka shiga wuri da ƴar buƙatarka a dube ka sama-sama a ce ka komo gobe. Nan kuwa ina shiga mai gidan ya miƙe ya ba ni kujerarshi, ya amshi hoton da hannu biyu kamar an miƙa mishi jariri, ya ce Baba wannan ai dukiya ce. Yaron ya aza shi bisa na'ura ya kwafe shi cikin kwamfuta, ya faɗaɗa shi har fuska guda ta cika gilashin. Jama'a, ban san sa'adda hawaye ya zubo mini ba. Abokin ɗakina ne mutumin Buza, da ƴar tsagarshi a kumatu da biro maƙale a aljihun riga, wanda munka raba katifa da kwano shekara ukku, kuma rabona da shi tun wani taron gyaran takardun jarrabawa kafin a yi Taron Ƙasa na 1991. Yaron bai ce mini komi ba, ya dai tashi ya kawo mini ruwan sanyi ya jira har na natsu.

Kwana huɗu yana aikin, kullum da la'asar in zo in zauna kusa da shi ana shayi, yana share tabon ruwa kaɗan-kaɗan yana tambayata Baba wannan hula ce ko inuwa, wannan madubin ido ne ko karcewa. Shi ne ma ya kawo dabarar da ta buɗe komi, ya ce bari in sa ma kowane kai lamba, ku rubuta sunan wanda kunka tuna. Na tuna goma sha tara, sauran sunka ɓace mini, ga fuska na sani sarai amma suna ya ƙi zuwa.

Abin da ya fi shiga raina shi ne maganar lamba 21. Shi gara ta cinye fuskarshi ƙaf, sai wuya da kafaɗa. Na ce ma yaron ba ka iya cika mishi? Mai gidan ya matso ya ce Baba, kwamfuta tana iya ƙirƙiro fuska yanzu-yanzun nan kuma ta yi kyau, amma ba tashi ba ce, in ɗiyanshi sunka gani wani baƙo za su gani, mu bar wurin fari har Allah ya sa a samu hotonshi na gaskiya. Da sun so da sun lafta wata fuska sun amshi kuɗinsu, ni ban isa in gane ba. Wannan ita ce amana, kuma daga ranar na san da mutanen kirki nake hulɗa. Bayan wata biyu munka gano ko wane ne, ashe ya rasu da daɗewa, matarshi tana Madawa, ta aiko da ɗan hoton da ke jikin tsohon katinshi na aiki, sunka gyara shi sunka sa a gefe da lambarshi a ƙasa.

Lambar waya biyu kawai nike da ita ta ƴan ajinmu. Yaron ya amshi salulata ya buɗe muna gurup a WhatsApp, ya sa hoton mai lambobi, ya ƙara mini girman rubutu don idona, ya koya mini yadda ake danna a riƙe a yi vokal, wato saƙon murya, sau nawa ina saki kafin in gama magana yana cewa ba komi Baba a sake. Wannan fa ba aikinsu ba ne, ba su kuma amshi ko dala a kai ba. Cikin sati ukku abin ya kama kamar wutar daji, wannan ya san inda wancan yake, wancan ɗiyarshi na aure unguwa guda da ƙanen wani, da asuba ka buɗe waya ka tarar da vokal talatin, wani na Damagaram yana cewa kai lamba 9 ai wane ne, wanda ke karanta muna jarida da ƙarfi a gidan abinci! Har yau da lambobin nan muke kiran juna, Alhaji lamba 4, Hajiya lamba 27. Da anka gama lissafi, mu ashirin muna raye kuma mun samu juna, goma sha ɗaya sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu ya sa sun huta, ukku kuma har yanzu ba labari.

Wanda bai yi ritaya ba ba zai gane abin da nike faɗi ba. Ranar da ka aje aiki wayarka ke yin shiru. Ɗiya suna ƙaunarka amma suna da hidimarsu, kuma in ka ce musu "ka tuna" ba su da abin tunawa. Abokin karatu shi ne wanda ya san ka tun kana da gashi baƙi da wando guda, ba ka buƙatar yi mishi bayani. Yanzu muna da ɗan asusu, kowa jikka biyu a wata, ana turo ma Hajiya lamba 27 ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ita ke riƙo don tun muna ɗalibai ita ce mai tsare lissafi. Da shi munka taimaka ma ɗayanmu da anka yi ma aiki a asibitin Galmi, da shi muke kai ma matan mamatanmu ɗan abin azumi. Waɗanda ke Yamai kuma su ke bi ma na nesa takardunsu na fansho a CARENI, ma'aikatar da ke kula da fanshon ma'aikatan gwamnati, tsoho bai sha wahalar mota don sa hannu guda.

Bayan Babbar Salla munka yi haɗuwa nan Tahoua, mu goma sha huɗu munka samu zuwa. Na Yamai sunka shigo kar, wato babbar motar fasinja, tun asuba, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tsarnawa, sama da kilomita 500 ga mutanen da ke fama da gwiwa da hawan jini, amma sunka zo. Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Tahoua da shago ya fi samun ciniki, duk da haka mai gidan hoton ya bar yaro guda ya taho gidana da kayan aikinshi. Ya buɗe tsohon hoton ya ce kowa ya tsaya inda ya tsaya a 1982, na tsugune su zauna bisa kujera tunda gwiwa ta ƙi, kuma wurin wanda ya rasu ko bai zo ba a bar shi fili, kar a matso. Da munka jeru munka ga gurabun nan a tsakaninmu sai wuri ya yi tsit. Ni hannun damana fili ne, wurin abokin ɗakina mutumin Buza, yana cikin goma sha ɗayan nan, ashe shekara shidda da rasuwarshi ban ji ba. Alhaji lamba 4 ya ɗaga hannu munka yi musu Fatiha, mai hoton ya sauke na'urarshi ya shafa tare da mu, sa'annan ya ɗauka.

Da munka je biya, na mu rayayyu kawai ya amsa. Guda goma sha ɗaya na iyalan mamata ya wanke su manya, ya sa su cikin gilashi, ya ce wannan sadakarshi ce, shi ma mahaifinshi malamin makaranta ne kuma ba shi da hotonshi ko guda. Munka yi munka yi ya ƙi amsa. Ni na kai na Buza da hannuna, babban ɗan marigayin ya rungume hoton ya shiga da shi wurin mahaifiyarshi.

Malam mai gidan hoto, da kai da yaranka, a madadin mu ashirin da iyalan ƴan uwanmu, mun gode, mun gode. Allah ya yi ma sana'arku albarka, ya tsare muku idanunku da hannuwanku, ya jiƙan mahaifinka. Kai kuma ɗana na gaban kwamfuta, Allah ya ba ka masu yi maka haƙurin da ka yi da ni. Duk mai tsohon hoto a akwati, na aure ko na makaranta ko na aikin soja, ya fiddo shi kafin gara ta gama da shi ya kai musu, ni shaida ne.

Da izininmu sun rataye babban kwafi na hoton 1982 a bangon shagon, ana shiga hannun hagu. Lamba 6 da 19 da 30 su ne muke nema har yanzu, biyu maza ɗaya mace, lamba 19 muna tunawa daga yankin Keita yake. Wanda ya biyo ta kasuwa don Allah ya leƙa ya duba, in ya gane baba ko kawu ko inna ya faɗa ma mai gidan, yana da lambar wayata.

Naku,
Lamba 12, Tahoua