Jayayyar Kirsimeti ta shigo mana har cikin gida

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili a jaridarka. Ni Kirista ne ɗan Katolika, iyayena Kusasawa ne daga Bawku, amma a Asawase aka haife ni, da Hausa na tashi, da ita nake ciniki a shagona na ɗinki. Yawancin masu karanta jaridarka Musulmi ne, kuma da yawansu suna zaton bakin Kirista ɗaya ne a kan Kirsimeti, wadda Asantawa ke kira Buronya. Ba haka ba ne. Yadda ake ja-in-ja kan Maulidi tsakanin 'yan Tijjaniyya da Ahlussunna a zangunanmu, haka mu ma muke kan wannan rana.

Shaidun Jehobah ba sa yin ta. Fasto Kumuyi na Deeper Life, wanda ke da mabiya da yawa a Ghana, ya faɗa a 2013 cewa su ba sa yi, wai tushenta bautar gumaka ne. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce Linjila ba ta ambaci ranar haihuwar Yesu ba, manzanni ba su yi bikinta ba, kuma 25 ga Disamba ranar bikin allahn rana ce a wurin Romawa. Sukan ƙara da Irmiya sura 10 don su soki itacen da ake yi wa ado.

Maganar ranar haihuwar gaskiyarsu ce, ba wanda ya san ta. Rubutu mafi tsufa da ya nuna an yi bikin a 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, na shekarar 336. Har yau Kiristan Habasha da Kibɗawan Masar 7 ga Janairu suke yi, Armeniyawa kuma 6 ga wata. Gardamar ma tsohuwa ce: majalisar Ingila ta haramta bikin a 1647, a Massachusetts ta Amurka kuwa daga 1659 tarar sule biyar ake cin wanda aka kama yana yi. Amma batun gumaka bai tabbata yadda suke faɗarsa ba. Akwai masana da ke cewa lissafi aka yi daga 25 ga Maris, ranar da ake tuna busharar da mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Maryamu, aka ƙirga wata tara. Wanda kuma ya karanta Irmiya 10 har ƙarshe zai ga gunki ake nufi, wanda aka sassaƙa aka shafe da azurfa da zinariya, ake ɗaukarsa don ba ya iya tafiya. Yesu da kansa, a Yohanna 10, yana cikin Haikali a lokacin idin keɓewa, idin da babu shi a Attaurar Musa.

Inda nake jin kunya a gabansu shi ne abin da muka mai da watan. Tela ya fi kowa gani. Tun Nuwamba mata ke kawo atamfar da suka ci bashinta a kasuwar Kejetia, a ɗinka wa yara kala biyu, kala uku, Janairu ta zo babu kuɗin makaranta, kuɗin ɗinkina ma sai Ista. Tun Shekarar Dawowa ta 2019, da Ghana ta gayyaci 'yan asalin Afirka na ƙetare su zo gida, Disamba a Accra ta zama watan kiɗa da baƙi daga ƙetare, bukukuwa irin su AfroFuture, ba mai ambaton Baitalami. Wannan na 'yan kasuwa ne, ban zarge su ba. Na coci ya fi damuna. A majami'u da yawa daren 31 ga wata ya fi ranar Kirsimeti cika, domin a nan ake annabcin mota da biza, har sai da 'yan sanda suka yi gargaɗi a Disamba 2021 kan annabcin mutuwa da tsoratar da jama'a. Ga baiko kan baiko, ambulan kan ambulan. A daidai wannan lokaci, cikin sanyin hunturu, 'yan kayaye suna kwana a bakin shaguna a Adum da kewayen Kejetia, wasu da goyo, yawancinsu 'ya'yanmu ne daga arewa. Su ne suka yini suna ɗauko mana shinkafa da man girkin bikin a ka. Mu da muke waƙar jaririn da aka kwantar a komin dabbobi saboda ba a sami masauki ba, ba mu da bakin cewa ba mu gan su ba. A Luka 14 Ubangiji ya ce in za ka yi biki ka kira matalauta da guragu da makafi, waɗanda ba za su iya rama maka ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa na gida ne. Al'adarmu tun ran babanmu, ranar 24 ga wata maƙwabcinmu Malam ake kira ya yanka mana kaji, domin Musulmin gidan su ci ba tare da shakka ba. Su ma da Babbar Sallah naman layya har ɗaki ake kawo mana. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta koma wata majami'a da ba ta Kirsimeti. Bara Mama ta zuba mata shinkafa a kwano ta aika yaro har Tafo, sai ga kwanon ya dawo a rufe, wai an koya musu abincin gumaka ne. Tsohuwar nan ba ta ci komai ba ranar, kuka ta yini yi. Hajiyar da ke ƙofa da ƙofa da mu ta karɓi nata ta sa albarka, 'yar da Mama ta haifa kuwa ta mayar.

Ban ce ƙanwata ta yi biki ba. In zuciyarta ba ta kwanta da ranar ba, haƙƙinta ne ta bari, kuma ina jin haushin 'yan cocinmu masu yi wa irinsu dariya. Manzo Bulus ya riga ya raba wannan gardama a Romawa 14: wani yana ɗaukaka wata rana, wani duk ranaku ɗaya ne a wurinsa, kowa ya tabbata a zuciyarsa, kada ɗaya ya hukunta ɗaya. Shinkafar da uwa ta dafa da addu'a ba a miƙa ta ga wani gunki ba, kuma umarnin girmama uwa da uba a rubuce yake, ba mai jayayya a kansa. Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usmanu Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara 100 ya je cocin Christ the King a Accra ranar Ista ta 2019, bai bar addininsa ba, bai kuma wulaƙanta masu gidan ba.

Roƙona ga fastocin da ba sa Kirsimeti: ku koyar da abin da kuka gaskata, amma ku faɗa wa mabiyanku a fili, daga kan bagadi, cewa su karɓi abincin iyayensu, su je gaisuwa. Fada-fada da fastocinmu masu yi kuma, ku ware baikon ranar 25 ga wata gaba ɗaya a dafa abinci, a sayi barguna, a kai Kejetia da Aboabo tun kafin gari ya waye. Ni na ɗauki ɗinkin rigunan jarirai kyauta, in an kawo yadi.

Naka,
Wani tela,
Asawase, Kumasi