Shayin matcha da burodin Japan: a haɗa daidai, a kuma faɗa mana abin da ke ciki

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan koren shayin nan na Japan, matcha, da kayan fulawar da ake ci da shi, waɗanda suka fara shiga gidajen burodi na birane irin su Abuja da Legas. Sai mutum ya biya kuɗi masu kauri, ya kurɓa sau ɗaya, ya yatsine fuska ya ce ɗaci kamar maɗaci. Galibi ba laifin shayin ba ne, laifin mai haɗawa ne.

Matcha ganyen shayi ne da ake yi wa rumfa a kare shi daga rana na mako uku zuwa huɗu kafin tsinka. Inuwar ce ke ba shi wannan kore shar, ta kuma rage masa bauri. Sai a turara shi, a busar, a cire jijiyoyin, a niƙa da dutse. Dutse ɗaya ba ya wuce giram 40 a awa guda, kun ji inda tsadar ta samo asali. Garuruwan Uji, kusa da Kiyoto, da Nishio a Japan sun yi suna a kansa. Ba jiƙa shi ake yi a tace ba, ganyen ake sha ɗungurungum, don haka ba abin da zai ɓoye kuskure.

Giram 2 na gari, wajen cokalin shayi ɗaya a shafe, shi ke ɗaukar mililita 60 zuwa 70 na ruwa. A fara tankaɗe garin da ƙaramar rariya, in ba haka ba zai yi gudaji, kuma gudajin nan ne ke fashewa a baki da ɗaci. Ruwan kada ya wuce digiri 80. Wanda ba shi da ma'auni, in ruwa ya tafasa ya juye shi a wani kofi ya jira minti biyu ko uku. Tafasasshen ruwa kai tsaye daga buta shi ne babban mai ɓata shi. Da maburgin gora ake kaɗawa, sunansa casen, a jiƙa shi a ruwan ɗumi tukuna don kada tsinkayensa su karye. Gaba da baya ake kai hannu da sauri, ba zagaye irin na damun kunu ba, kamar daƙiƙa 20, har kumfa mai laushi ya rufe sama. Mai son na madara, a dama garin da ruwa mililita 40 tukuna, sannan a zuba madara mililita 150. In aka zuba gari kai tsaye cikin madara mai sanyi, ba zai haɗu ba.

Ajiya ma abin lura ce a zafin ƙasarmu. Haske da iska da zafi suna mayar da garin ruwan ƙasa-ƙasa, ƙamshinsa ya koma na busasshiyar ciyawa. A rufe gwangwanin gam a sa a firji, in an fito da shi a bari sanyin ya sake shi kafin a buɗe, don kada raɓa ta shiga. Mai saye kuma ya dubi launi, ya shaƙa, domin a ido garin zogale ma kore ne.

A ɓangaren kayan fulawa kuma, shokupan, burodin madara na Japan, sirrin laushinsa yudane ne: a cikin fulawa giram 300 a ɗebi 60, a kwaɓa da tafasasshen ruwa mililita 60, ya kwana a firji, kashegari a haɗa da sauran kwaɓin. In aka zuba shi da zafinsa, yis ya mutu. Anpan kuwa, wanda gidan Kimuraya na Tokiyo ya fito da shi a 1874, burodi ne da ake cusa wa dafaffen waken azuki, ɗan uwan wakenmu, da sukari. A zubar da ruwan tafasar farko, kuma kada sukari ya shiga sai waken ya nuna luguf, in an yi gaggawa zai ƙandare. Moci curin dakakkiyar shinkafa mai danƙo ne, ranar da aka yi shi ake ci, firji na mayar da shi kamar roba. A yanka wa yara da tsofaffi ƙanana, yana shaƙe mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne mirin. Ruwan shinkafa ne mai zaƙi, na asalin yana da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari, kuma ana yawan sa shi a kwaɓin dorayaki, fanken nan mai wake a tsakiya. Akwai kuma jelatin da ke daskarar da wasu kayan zaƙi, wanda sau da yawa daga fatar alade yake. Zuma tana maye gurbin mirin, kanten da ake samu daga ciyawar teku yana maye gurbin jelatin. Ina roƙon masu gidajen burodi su rubuta abin da suka zuba a jikin kowane faranti, su kuma koya wa yaran kanti amsar da za su bayar in an tambaye su.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Wani mai sana'ar burodi, Abuja